Garwa ta fi Liyon buƙatar tauraron gwaji

Masu kallon taurari a nan Liyon, ƙasar Faransa, wasunsu suna da 'yar fitila mai ƙanƙanuwar huda, wadda ake kafawa daga nesa a matsayin tauraron gwaji. Da ita suke daidaita madubin na'urar hangen nesa idan gajimare ya rufe sama. Na faɗa wa wani ƙanena da ke koyarwa a Garwa, ƙasar Kamaru, ya yi irinta, sai ya ce, "Yaya, mu da taurari suka yi mana yawa, me za mu yi da na jabu?"

A ganina mu ne ma muka fi su buƙatarta.

Bature idan sama ta washe, tauraron arewa yake nufa don daidaita madubin, domin shi kaɗai ne kusan ba ya gusawa, kuma a Liyon yana sama da digiri 45. A Garwa kamar digiri 9 ne kawai, a Injamena 12. Can ƙasa-ƙasa yake, inda iska ta fi kauri da rawa. Ga hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ƙurar Bodele ta Cadi ke turnuƙe gefen sama. Sauran taurarin kuwa, kafin ka juya notin daidaita madubi ɗaya sun fice daga idon na'urar. Zara ma ba ta yi, faifai ce ita, ba ɗigo ba.

Ba sai an yi odar komai ba. Ƙwayar boris ɗaya daga wajen mai gyaran keke ta wadatar. A manna ta a kan baƙin kwali, a kafa ta kamar mita 40 ko 50 daga ƙaramar na'ura, a haska ta da tocila. Ƙyallin da ke jikinta shi ne tauraron. Ka kawo shi tsakiya, ka ɗan kauce daga inda hoto ya fi fitowa tas, za ka ga zobba kamar an yanka albasa, da baƙin ɗigo a ciki, wato inuwar ƙaramin madubin da ke gaban babban a cikin na'urar. In ɗigon ya karkata gefe, sai ka taɓa notuna ukun da ke bayan babban madubi, kaɗan-kaɗan, kana maido da tauraron tsakiya bayan kowane juyi. Wannan maidowar ce mutane suke mantawa, su kwana suna bin karkatar da babu ita.

Inda Faransa ta fi mu shi ne sanyin ƙasa. A Marwa ko Garwa, ƙasa takan yi ta fitar da zafin rana har dare ya raba, zobban su riƙa rawa. Gara a bari sai dab da asuba, a filin ƙwallo, nesa da kwalta da rufin kwano.

Amma boris ba ta yanke hukunci kan ingancin madubi. In ta yi kusa da yawa, takan nuna aibin da nata ne, ba na madubin ba. Kayan gwaji ma suna ƙarya: madubin Hubble, na'urar hangen nesa da aka harba sararin samaniya a 1990, ya fita da kuskuren kusan maikiron 2 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) saboda an harhaɗa na'urar auna shi ba daidai ba, sai a Disambar 1993 aka je aka gyara. Don haka bayan an gama da boris, a jira daren da hazo ya kwanta, a sake dubawa da tauraro mai haske da ke tsakar ka.