Ƙadangaren Motagua: gatari ya fi dafinsa ɓarna

A kwarin Motagua na ƙasar Gwatemala, inda ruwan sama ke ƙaranci kuma itatuwa ke kaɗe ganye duk rani, akwai wani ƙadangare mai dafi da masana ke kira Heloderma charlesbogerti. Sai a 1988 aka bayyana shi a kimiyyance, ga shi tun yanzu ana fargabar ƙarewarsa. Ni a ganina jama'a sun sa tsoronsu inda bai dace ba.

Ku dube shi da kyau. Girmansa kamar na damo, fatarsa baƙa da ɗigon rawaya, gurji-gurji kamar an jera masa duwatsun ado. Tafiyarsa ta ƙasaita ce, ba ya gaggawa. Yawancin rayuwarsa a rami yake yi, sai damina ta sauka ya fito neman ƙwan tsuntsaye da na wasu ƙadangaru, ya ci ya tara kitse a wutsiya, da shi zai ci rani. Dafin nasa a muƙamuƙin ƙasa yake, kuma ba ya sara ya saki kamar maciji. Sai ya kama ya yi ta tauna kafin dafin ya bi tsagin haƙora ya shiga. Akwai zafi matuƙa, wannan ba a musu. Amma wanda bai kai masa hannu ba da wuya ya ɗanɗana.

Duk da haka an daɗe ana kashe shi a kan camfi, har da cewa numfashinsa ma guba ne. Masu fataucin dabbobi kuma na sace shi, abin da ya sa aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji, a 2007.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dajin. Mutane na ganin busasshen daji ba shi da amfani sai an sare shi an shuka kankana ko masara, ko an mai da shi makiyaya. Manomi na da hujjarsa, yana da bakin da zai ciyar. Sai dai a yawun ɗan'uwan wannan ƙadangare, wato Gila na Amurka da Meziko, aka gano sinadarin da ya haifar da exenatide, maganin ciwon suga da aka amince da shi a 2005. Dafin na Motagua kuwa ba a gama nazarinsa ba, kuma ɗan gandun da ƙungiyar kare namun daji ta Zootropic ta keɓe masa a yankin Zacapa na kwarin ya yi kaɗan. Ya kamata hukuma ta faɗaɗa shi, ta kuma biya manoman da suka bar dajinsu a tsaye.