Ba uwa kaɗai ke gadar da ciwon nan ba

Wani rahoto ya ce ciwon CAH, na wata halitta da ke saman ƙoda mai samar da sinadaran hormone, gado ne, amma bai fayyace daga wa ake gadonsa ba, ga shi nan Jos uwa ake ɗora wa laifi. Sama da kashi 90 cikin 100 matsalar ƙwayar gado CYP21A2 ce, kuma sai jariri ya gada daga uwa da uba duka. Auren zumunci na ƙara haɗarin. Mace akan gane ta tun haihuwa, domin al'aurarta kan yi kama da ta namiji. Namiji kuwa garau, sai bayan suna, mako na biyu ko na uku, ya kama amai, ya ƙi nono, maɗiga ta faɗa, gishirin jikinsa na zurarewa ta fitsari. Kar a tsaya jiƙo, a garzaya asibiti a auna gishirin jini (sodiyam da fotasiyam) da sinadarin 17-OHP, wanda ke yawa a jinin mai wannan ciwon.