Albashin "kasuwa" a kamfanin da ba ya tsoron faɗuwa

Tun da aka mayar da hukumar man fetur ta ƙasa, NNPC, kamfani a watan Yulin 2022, bisa dokar man fetur ta 2021, wata magana ta ƙi barin bakin masu kare gyaran: wai a ƙyale kasuwa ta yanke albashi a kamfanonin gwamnati, domin a riƙe ƙwararru. Wace kasuwa?

A kasuwa ta gaskiya, wanda ya yi asara shi ke ɗanɗana kuɗarsa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da bai yi ciniki ba, ba ya ƙara wa kansa albashi. Amma rahoton kuɗin da NNPC ta fitar a 2020 ya nuna matatar Kaduna ba ta shigo da ko sisi ba a 2018, kuma albashi bai tsaya ba. Kamfanin da ya san gwamnati ba za ta bari ya durƙushe ba, ba ya cikin kasuwa, ko da an sauya masa suna sau goma. Abin da gyaran ya yi shi ne cire wa NNPC takunkumin asusun bai-ɗaya (inda hukumomin gwamnati ke zuba kuɗinsu) da dokar sayen kayan gwamnati, ya bar wuƙa da nama a hannun hukumar gudanarwa, alhali dukiyar ta talakawa ce.

Abin da ya fi ci min rai yana ƙasa, wajen ƙananan ma'aikata. Direba, mai gadi da mai shara a irin waɗannan wurare yawanci ta hannun ɗan kwangila ake ɗaukarsu. Shi ke karɓar kuɗi, shi ke yanke abin da zai miƙa, ga aiki babu tabbas. An ga haka bayan miƙa kamfanonin wutar lantarki ga 'yan kasuwa a 2013, inda ma'aikata da dama suka koma bakin aikinsu da sharuɗɗan da ba su kai na da ba. Naira 70,000 da dokar 2024 ta tanada a matsayin mafi ƙarancin albashi, wa ke bin sawu ya ga ta kai aljihun mai gadin?

Masu cewa ƙwararru za su gudu waje in an sa ido, sai su nuna mana man da ƙwarewar ta tace.

Hukumar tsara albashi ta ƙasa tana nan tun 1993. A ba ta ikon leƙa littafin kowane kamfanin gwamnati, a wallafa abin da shugaba ke ɗauka da abin da ɗan kwangila ke biyan leburansa, a shafi guda.