John Deacon ba ɗan rakiya ba ne

Wani rahoto ya nuna John Deacon a matsayin wanda ya laɓe bayan Freddie Mercury, babban mawaƙin Queen (ƙungiyar mawaƙan rock ta Birtaniya), yana kaɗa jitar bas kawai, kuma ban yarda da hakan ba. Ya shiga ƙungiyar Queen a 1971, shi ne kuma ya rubuta waƙar Another One Bites the Dust, wadda ta kai matsayi na ɗaya a Amurka a 1980. Da yake ya karanci fannin lantarki, shi ya haɗa ƙaramar na'urar ƙara sauti da Brian May, mai kaɗa jitar ƙungiyar, ya daɗe yana naɗar kiɗa da ita. Masu zarginsa da gudu saboda ritayarsa a 1997, shin dole ne ya ci gaba da hawa dandamali bayan mutuwar Mercury?