Sarautar Flanders ba ta gida ɗaya ba ce

Mutane da yawa suna ɗauka cewa sarautar Flanders, yankin da mafi yawansa yake cikin Beljiyam a yau, ta zauna a hannun zuriya ɗaya, ɗa yana gadon ubansa. Ba haka abin yake ba. Zuriyar Baldwin na farko ta riƙe ta tun ƙarni na 9 har zuwa 1119, lokacin da Baldwin na bakwai ya rasu bai bar ɗa ba, sai ta koma ga Charles, ɗan sarkin Denmark, wanda ya samu haƙƙinsa ta wajen uwa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda mata suka riƙa kai sarautar zuwa gidajen mazajensu. Margaret, 'yar Louis na biyu mai sarautar Flanders a lokacin, ta auri Philip na Burgundy (wani yanki a Faransa) a 1369, kuma da mahaifinta ya rasu a 1384 yankin ya shiga hannun gidan Burgundy. Bayan kusan ƙarni guda, Mary, magajiyar gidan Burgundy, ta auri Maximilian na gidan Habsburg, masu sarautar Austria, a 1477, ta wannan auren ne gidan Habsburg ya gaji Flanders.