Kun kore ta daga gurup, toh sai me?

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake kan abin da aka yi daren jiya a gurup ɗinmu na karatu. An cire marubuciyar da ke turo mana wani labari shafi-shafi wai tana tallar maɗigo, an goge shafukanta, sannan admin ta kafa sanarwa wai "ba ma yarda da ɓata tarbiyya a nan". Tarbiyya! A gurup ɗin da ake sayar da littafin "matan aure kawai" naira ɗari biyar, kuma kowa ya san rabin masu turo kuɗin ko baiko ba a yi musu ba. Laifi tudu ne dai.

Ni na karanta labarin nan tun daga shafi na ɗaya, kuma ina ƙalubalantar duk wadda ta yi ta zuba sitika tana a'uzubillahi ta nuna min layi ɗaya na batsa a ciki. Babu. Labarin uwa da 'yarta ne. Yarinya 'yar shekara sha tara, haifaffiyar Agege, babanta yana harkar shanu a abbatuwar Oko-Oba, ta wayi gari ta gane zuciyarta ba ta tafiya inda ta ƙawayenta ke tafiya, ta rasa wa za ta faɗawa, ta yi azumi ta yi kuka ta yi sallar dare, ranar da uwar ta ga saƙonnin a wayarta kuwa ko tari ba ta yi ba, ta ci gaba da tsince wakenta a faranti. Kwana tara ba ta ce mata ci kanki ba. A na goma ta kira ta ta ce zo in yi miki kitso, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta tana ja da ƙarfi kamar za ta tuge gashin, yarinyar tana jin ɗigon wani abu mai ɗumi a ƙeyarta amma ta kasa waiwayawa.

Wannan shi ne kuka kira tallar maɗigo? Haba jama'a.

Labarin uwa da 'ya ne, zan ta maimaitawa har ku gaji. Uwar da ke tsoron Allah, tana tsoron bakin matan gidan haya da ake layin famfo tare, tana tsoron ranar da maganar za ta kai kunnen dangin miji a Katsina, ga kuma dokar da Jonathan ya sa wa hannu a 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ita ba ta ma san me ke cikinta ba, ta dai ji an ce ana ɗaure mutane. Ga Goggo a gefe tana cewa a yi ruƙiyya a aurar da ita kafin azumi a huta. Duk da haka da dare sai ta ƙara wa yarinyar tsoka ɗaya a kwanonta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, mu ne fa muke wannan karin maganar, ko sai a kan ɗa namiji mai shaye-shaye take aiki?

Wata ta biyo ni ta bayan fage wai "ke yanzu kin halasta kenan?" Baiwar Allah ni ba malama ba ce, ban ba da fatawa ba, marubuciyar ma ba ta bayar ba. Littattafan da muke karantawa cike suke da kishiya ta kai sunan kishiya wurin boka, da mai kashe miji saboda gado, ban taɓa jin an ce marubuciya ta halasta tsafi ba. Wata kuma wai abin Legas ne, zama da Yarbawa ya lalata mu. Dariya kawai na yi. Duk wadda ta yi makarantar kwana a Arewa ta san ba a tashar jirgin ƙasa ta Iddo da ke Legas aka sauke wannan maganar ba.

A 2007 an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a Kano zamanin Malam Shekarau. Sun ƙare? Waya suka koma, ga mu nan muna saye da datar mu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, a cikin mutum ɗari biyu da wani abu da ke gurup ɗin nan, akwai wadda take karanta labarin a ɓoye cikin bargo saboda ita ce yarinyar, ko ita ce uwar. Jiya ta ga yadda muka yi da labari kawai, ta ga kalmomin da muka zaɓa. Kuna ganin gobe za ta tunkari wata a cikinmu ta ce Anti ina da damuwa?

Duk mai shafi na tara zuwa sha ɗaya dan Allah ta turo min, wayata ta goge su. Sannan wa zai taho daga Kano ƙarshen watan nan? A riƙo min kuka da daddawa, wadda na sayo a kasuwar Mile 12 nan Legas satin jiya rabinta ƙasa ce, miyar har ƙas-ƙas take yi a haƙori.