A bar mana bedin bakin hanya

Na karanta labarin nan na sare itatuwan bakin hanya don a faɗaɗa titi, raina ya ɓaci wallahi. A layinmu nan Maradi akwai bedi uku da suka girme ni. Ƙarƙashinsu mai shayi yake kafa teburinsa, 'yan kabu-kabu su fake da azahar a watan Afrilu, lokacin da gudurun ke ƙona tafin ƙafa. Manoman jiharmu tun shekarun 1980 suke rainon gawo a gonakinsu har duniya ta san mu da shi, sai cikin gari ne za mu sare? Ko da saiwa ake tsoro ta ɓata hanya, pabe ma, wato titin jeren duwatsu, idan ya lotsa, a ɗaga duwatsun a sake jerawa, saiwar itace na nan. Don Allah magabata, a kewaye su.